Asusun ma'aikacin kamfani a kwamfutocin da

Ka tambaye ni me ya sa a da kamfanoni suke sayar da kwamfuta da kalmar sirrin da kowa ya sani, ko wayo ne ba su da shi. Suna da shi, yaro. Ajiye sukudirebar nan ka ji.

Ɗauki kwamfutar VAX, wadda kamfanin DEC na Amurka ya fitar a 1977. Ƙatuwar na'ura ce, a kulle cikin ɗaki mai sanyi. In ta lalace, kamfanin ne ke turo ma'aikacinsa, mutumin da yau yana jami'a, gobe yana banki. Ba zai tsaya neman mai riƙe da kalmar sirri da tsakar dare ba. Shi ya sa tsarin VMS da ke tafiyar da na'urar ya zo da asusun shiga mai suna FIELD, kalmarsa SERVICE, na mai kula da na'ura kuma SYSTEM, kalmarsa MANAGER. Asusun FIELD ɗin nan iko gare shi, don mai gwada faifai da ƙwaƙwalwar na'ura dole hannunsa ya kai ko'ina. Ka'ida ita ce a canza su da zarar an gama haɗawa. To amma mai na'ura yana ganin asusun na kamfani ne, bai isa ya taɓa ba, shi kuma ma'aikaci ya rufe jakarsa ya tafi. Kowa ya bar wa ɗan'uwansa.

Muddin sai mutum ya shigo ginin kafin ya taɓa na'ura, mai gadi ya wadatar. Da aka jona ta da layin tarho ta na'urar modem don a riƙa duba ta daga nesa, sai zance ya canza. A 1986 Clifford Stoll na ɗakin binciken Lawrence Berkeley a Amurka ya bi diddigin giɓin senti 75 a lissafin kuɗin amfani da kwamfuta, har ya kai ga Markus Hess a Hanoba ta Jamus, wanda ke kutsawa kwamfutocin sojan Amurka ana sayar wa KGB, hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet, abin da ya samo. Sau da yawa waɗannan kalmomin kawai yake gwadawa, ƙofa ta buɗe.

Ni a wurina laifin ya fi nauyi a wuyan ma'aikaci, don shi ya san asusun yana nan. Gobe in mun je haɗa kyamarorin shagon Alhaji, na'urar za ta zo da admin a matsayin kalmar sirri. Kai za ka canza shi a gabansa, ka sa ya buga sabuwar kalmar da hannunsa, ka gwada tsohuwar ka ga ta ƙi, sannan mu karɓi kuɗinmu.