Ku Tambaya Mu Amsa: Daga zanen fosta zuwa rubutun labarin tarihi

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni sana'ata dizayin, ina zana katin aure da fosta a kwamfuta a Birnin Kebbi. Na ji labarin wani mai dizayin da ya koma rubuta tarihin Birtaniya da ƙagaggun labarai na zamanin da, wallahi abin ya shiga raina sosai, to wai irina zai iya kuwa tunda ban karanta tarihi a jami'a ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Za ka iya mana, ai ma kana da abin da marubuta da yawa ke nema, wato ido, ka san kala ka san yadda tufafi ke zama a jikin mutum, kuma da irin wannan ake sa mai karatu ya ji kamar yana wurin. Amma fa sai ka yi karatu da gaske domin abin da ya tabbata ba a taɓa shi, yaƙin Hastings a 1066 aka yi, William na Normandy ya ci Sarki Harold, Sarkin Ingila Henry na takwas mata shida ya aura kuma a 1534 ya raba cocin Ingila da Paparoma. Inda kake da 'yanci shi ne mutanen da tarihi bai rubuta ba, kuku a fada ko matar soja.

Ni dai da za ka ji tawa ka fara da inda tarihinsu ya haɗu da namu, zuwan sojojin Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka na Birtaniya, Sakkwato a 1903, ga dattawa nan a Gwandu da Argungu da suka ji daga bakin kakanninsu. Shagon kuma kar ka rufe shi tukuna, littafi ba ya kawo kuɗi da wuri.