Fatawa: Shayin rage ƙiba da ba a san haɗinsa ba, ya halatta a sha?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni 'yar kasuwa ce a Garwa, atamfa nake sayarwa. Shekaruna 41, haihuwata biyar. Tun da na yaye autana jikina yake ƙaruwa, yanzu nauyina kilo 96, tsawona mita 1.60. Gwiwoyi sun hana ni sujada, kuma a asibiti an ce ina da hawan jini, in rage jiki. Wata ƙawata ta sayar mini da shayin rage teɓa ta WhatsApp a kan sefa dubu 15, ta ce haɗin Musulunci ne, har da habbatussauda a ciki. Kwana shida ke nan ina sha ina zawo. Kilo uku sun tafi, amma ina fama da jiri da faɗuwar gaba. Uwar mijina kuma ta ce rage jiki butulci ne ga ni'imar Allah, canza halitta ne, kuma za a ce ɗanta ba ya ciyar da ni. Malam, mene ne hukunci? Kuma in na yi azumi don in rame, ina da lada?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bismillahir Rahmanir Rahim, tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Hajiya, kafin komai: ki ajiye wannan shayi yau, kada ki ƙara ko kurɓi ɗaya. Ki ɗauki ledarsa ki koma wurin likitan da ke duba jininki, ki gaya masa maganar jirin da faɗuwar gaban. Sauran bayani zai iya jira, wannan ba zai jira ba.

Rage ƙiba halal ne a asalinsa. Idan likita amintacce ya tabbatar cewa ƙibar tana cutar da mutum, neman rage ta ya zama abin so a shari'a, kuma yana iya kaiwa ga wajibi gwargwadon girman cutar. Allah yana cewa a Suratul Baƙara, aya ta 195, kada ku jefa kanku da hannayenku zuwa ga halaka. Annabi (SAW) ya ce wa Abdullahi ɗan Amru: jikinka yana da haƙƙi a kanka, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Likitoci suna da ma'auni: a raba nauyin mutum da tsawonsa sau tsawonsa. Wanda ya kai 25 ya wuce daidai, wanda ya kai 30 ya shiga ƙibar da ake ɗauka cuta. Naki lissafin ya ba da 37.5, ga hawan jini, ga gwiwar da ta raba ki da ɗora goshi a ƙasa. Sallarki a zaune ingantacciya ce, hadisin Imrana ɗan Husaini a Buhari ya ba ki wannan sauƙin. Amma na san zuciyarki tana begen sujada, kuma neman hanyar komawa gare ta ibada ce.

Maganar Inna, uwar maigidanki, ƙauna ce ta kawo ta, don haka a amsa mata da ladabi. Mu nan ƙasar mun tashi muna ganin cikar jiki alamar hutu ce, matar da ta rame kuwa a ce gidan miji bai karɓe ta ba. Shari'a ba ta zargi mai jiki don jikinsa ba. Nana A'isha (RA) da kanta ta ba da labarin yadda mahaifiyarta ta so ta yi jiki kafin tarewa, ta ba ta kokwamba da ɗanyen dabino har ta murje, Abu Dawuda da Ibnu Majah sun kawo shi. Amma canza halittar da aya ta 119 ta Suratun Nisa'i ta zarga yana kan sauya abin da Allah ya gina mutum a kansa. Kitse ba gaɓa ba ne. Yana zuwa yana tafiya da ci da zama, kamar yadda farce ke tsiro a yanke shi. Godiyar ni'ima kuwa ita ce a yi amfani da ita inda Mai ita yake so, kuma lafiya tana cikin manyan ni'imomi. Ki ce wa Inna likita ne ya sa ki, kuma kina so ki daɗe kina yi mata hidima. Maigida shi ya kamata ya tsaya miki a wannan, domin ciyarwar da Allah ya ɗora masa ciyarwa ce bil ma'arufi, ba a auna ta da faɗin zane.

Yanzu shayin. A nan zan daɗe, domin tambayoyi irin wannan sun yi yawa, daga Marwa, daga Gaundare, har daga Kusuri da Injamena.

Neman magani halal ne. Annabi (SAW) ya ce ku nemi magani ya bayin Allah, a hadisin Usamatu ɗan Shariku. Tsirrai ma asalinsu halal ne, kuma falalar habbatussauda ta tabbata a Buhari da Muslim, ba mai musun wannan. Sai dai rubuta sunan habbatussauda a jikin leda ba ya halatta sauran abin da ke cikin ledar. Hukunci yana bin haƙiƙar abu, ba ya bin sunansa. Ke ba ki san abin da aka haɗa ba, ƙawarki ma ba ta sani ba, ita ma sarowa ta yi. Abin da muka sani tabbas shi ne abin da ya yi miki: zawo na kwana shida, jiri, bugun zuciya. Ƙa'idar da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, "babu cuta, babu cutarwa", ta isa ta haramta miki ci gaba da shi.

Bari in gaya miki inda kilo ukun nan suka fito. Yawancin irin waɗannan shayi ganyen wanke ciki ake zubawa, kamar filasko, wanda Larabawa ke kira sana. Shi filasko a babban hanji yake aiki, alhali abinci tun a ƙaramin hanji jiki ya riga ya tsotse amfaninsa. Abin da ke fita ruwa ne da gishirin jiki, har da sinadarin fotashiyam wanda zuciya ke buƙata don ta buga daidai. Sikeli zai nuna an ragu, kitse kuwa yana nan inda yake, kuma da kin sha ruwa kwana biyu kilo ukun za su dawo. Ga mai shan maganin hawan jini, musamman irin mai sa fitsari, wannan asarar ruwa a zafin Garwa hatsari ne na gaske. Sana ya zo a hadisin Asma'u 'yar Umaisu a matsayin maganin wanke ciki lokacin buƙata. Ba a ce a mayar da shi shayin safe da yamma ba.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Wani maganin rage ƙiba mai suna sibutramine an janye shi daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010, saboda yana ƙara hatsarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Bayan janyewar, hukumomin kula da magunguna sun sha gano shi a ɓoye cikin shayi da ƙwayoyin da aka rubuta musu "zallar ganye". A farkon shekarun 1990, a birnin Brussels na Beljiyam, mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace bayan sun sha haɗin rage ƙiba da wani ganye mai guba ya shiga cikinsa, wasu sai da aka koma yi musu wankin ƙoda. Ganye ne, daga ƙasa ya tsiro, amma ya kashe ƙoda. To wanda ya ce miki abu ba ya cutarwa don ganye ne, ki tuna masa cewa zaƙami ma ganye ne.

Saboda haka hukuncin da nake bayarwa shi ne: duk haɗin da ba a bayyana abin da ke cikinsa da adadinsa ba, ko aka ga cutarsa a jiki, shansa bai halatta ba. Wanda aka san abin da ke ciki, babu haram a haɗinsa, likita ko masanin magani ya duba ya ce ba zai yi karo da magungunanki ba, wannan ya halatta, tare da sanin cewa taimakonsa kaɗan ne. Zogale a miya ko a kwaɗo, citta, zoɓo marar sukari wanda muke kira folere a nan, habbatussauda 'yar kaɗan, duk abinci ne mai kyau. Zoɓon ma ki faɗa wa likita, don yana iya saukar da jini a kan maganin da kike sha.

Ƙawarki kuma tana buƙatar nasiha, a keɓe, cikin taushi. Malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta cewa abin sayarwa ya zama sananne kuma mai amfani, Annabi (SAW) ya hana cinikin garari, kuma ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, hadisan biyu duka a Muslim. A hadisin Abu Dawuda da Nasa'i, wanda ya shiga yi wa mutane magani ba a san shi da ilimin likitanci ba, shi ne mai lamunin abin da ya ɓata. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne jingina hajar da sunan Musulunci. Baiwar Allah ta ji an ce sunna, ta saki jiki ta sha, ƙodarta ta tafi, sannan a ce ƙaddara. Wannan hukunci ya hau kan masu sayar wa 'yan mata ƙwayoyin sha-ka-fashe don su yi jiki kafin aure, kasuwa ɗaya ce ta juya baya.

Maganin da sunna ta zo da shi a kan ƙiba ba a leda yake ba, kuma kowane ɗalibi da ya karanta Risala a zaure ya wuce ta kansa: a raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi. Asalinsa hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikariba ne a Tirmizi, inda Annabi (SAW) ya ce ɗan Adam bai cika wani mazubi da ya fi cikinsa sharri ba, 'yan lomomin da za su tsayar da bayansa sun ishe shi. Suratul A'arafi, aya ta 31, ta ce ku ci ku sha, kada ku yi ɓarna.

Ki dubi yininki a rumfa. Na sha zama wurin 'yan kasuwa, na ga yadda abin yake. Da safe makala, wato fanke, huɗu ko biyar da kunun gyaɗa mai sukari. Hantsi mai shayi ya zagayo, ya cika ɗan kofi da sukari ya juye a buta, a sha na farko, na biyu, na uku. Azahar shinkafa da mai yana kwance a samanta, a kora da lemon kwalba mai sanyi don zafi. Da dare malmalar tuwo biyu, sai kwanciya. Ba wanda ya ci haram a nan, amma lissafin ya wuce sulusi nesa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato ƙananan cokula 12, gishiri kuma ƙasa da giram 5. Ƙaramar kwalbar lemo ɗaya tana iya ɗaukar kusan cokali 9. Dunƙulen miya yawancinsa gishiri ne, kuma gishiri abokin gabar mai hawan jini ne. Mai kuwa, na gyaɗa ne ko na angurya, a ma'aunin kuzarin abinci giram ɗaya nasa kalori 9 ne, na sitaci da sukari 4. Ki daina tsiyaya shi daga galan, ki auna da cokali.

Ba na ce ki sayi abincin Turawa ba. Tuwon dawa ko na gero malmala ɗaya, miyar kuka ko kuɓewa ko tafasa ta fi tuwon yawa, wake, kifin Lagdo gasasshe maimakon soyayye, ruwa a madadin lemo. Sefa dubu 15 ɗin nan da ganye da kifi kika saya da su, da sun fi miki.

Motsa jiki ya halatta ga mace, da suturarta, ba cakuɗuwa da maza. Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan ta yi jiki suka sake ya wuce ta, ya ce wannan ramuwar waccan ce. Abu Dawuda ya ruwaito. Abin da masana lafiya ke nema aƙalla minti 150 ne a mako, wato rabin awa kwana biyar. Da gwiwa irin taki, tafiya ta ishe ki. Ki fara da minti goma bayan asuba kafin rana ta yi zafi, ko a tsakar gida, ko da maigida, ko da maƙwabciya. Ki sa mai mashin ya sauke ki kafin ƙofar kasuwa ki ƙarasa da ƙafa. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne saurin da ba ya cutarwa, kuma ko kilo 5 zuwa 10 kika sauke za ki ga canji a jininki da gwiwarki. Sannu ba ta hana zuwa.

Game da azumi: idan kin yi niyyar azumi don Allah, kina kuma fatan samun lafiya a cikinsa, azuminki ya inganta kuma kina da lada. Imam Ƙarafi, cikin manyan Malikiyya, ya bambanta wannan da riya, ya kafa hujja da umarnin da Annabi (SAW) ya ba samarin da ba su da halin aure su yi azumi. Idan kuwa ramewa ce kaɗai manufa, wannan ƙin ci ne, halal ne amma ba shi da ladan azumi. Litinin da Alhamis da kwana uku na tsakiyar wata sun wadatar, da izinin maigida idan yana gari, kuma bayan likita ya tsara miki lokutan shan magani, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafi ke wuce digiri 40. Ki kula da buɗa-baki, kada abin da aka bari da rana a rama shi da makala bayan magariba.

Idan kin je asibitin, ki roƙi a auna miki sukari da aikin ƙoda. Allah ya ba ki lafiya, ya mayar da goshinki ƙasa. Wallahu a'alam.