Shagona a Samaru: ko nazarin bayanai zai amfane ni?

Malam, ka ce kana da shagon kayan masarufi a Samaru, kana jin bankuna da MTN na nazarin tarin bayanan abokan hulɗarsu, kana tambaya ko kai ma zai yi maka amfani. Zai yi, amma ba manhaja mai tsada kake buƙata yanzu ba.

Fara da rubuta cinikin kullum a manhajar lissafi kamar Excel ko Google Sheets: kaya, adadi, farashin sari, farashin sayarwa. Haɗa da bayanan na'urar POS ɗinka. Bayan wata shida za ka ga abin da ke tafiya da abin da ke kwana a kanta.

A Samaru kuwa, kalandar Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ce ke juya kasuwa. Hutu ko yajin aiki na iya kashe ciniki, don haka kada ka gwada watan jarrabawa da watan hutu ka ce kasuwa ta mutu. Haka azumi da kaka ma ke juya kasuwa. Wani kuskuren shi ne lissafa bashi a matsayin kuɗin da ya shigo.

In kana ajiye lambobin wayar kwastomomi, dokar kare bayanai ta 2023 ta shafe ka. In rassa sun yi yawa, nemi akanta ko masanin ƙididdiga.