Makero a jikin maruƙa, zawo a garken awaki: amsoshin likitan dabbobi

Tambaya daga wani mai kiwo a Gidan Rumji: Likita, maruƙana sun yi tabo-tabo zagaye a fuska da wuya, gashin wurin ya zube. An ce in shafa baƙin mai na mota. Yanzu ga yarona mai ba su dusa shi ma abin ya fito masa a hannu.

Amsa: Alhaji, a ajiye baƙin man nan, ƙona fata yake yi, kuma maraƙi yana lasarsa. Abin da ka kwatanta ya yi kama da makero, cutar naman gwari ce da ke cin gashi da saman fata, kuma tana tsallakawa daga dabba zuwa mutum, shi ya sa ta kama yaron. Amma duba da kyau kafin ka kashe kuɗinka. Makero tabo ne zagaye, fari-fari kamar an barbaɗa toka, ya fi son gefen ido da wuya. Kirci kuwa ɓawo ne mai kauri da ke manne gashi tsefe-tsefe a gadon baya, yakan taso da damina tare da kaska. Shi bakteriya ke kawo shi, allurar oksitetrasiklin ke yi masa aiki, maganin makero ba ya taɓa shi.

In makero ne, sa safar hannu ka jiƙa ɓawon da ruwa da sabulu, ka kankare shi a hankali, ka ƙona abin da ya zubo, sannan ka shafa ruwan aidin kullum har ya ɗan zarce bakin tabon. In tabon kaɗan ne, man kilotirimazol na farmasi ya isa. Akwai na wanka mai suna enilkonazol, in an samu. Na sha irin su girizofulbin ba na son a ba dabbar da za a ci namanta ko a sha nononta, kuma yana lalata ɗan da ke cikin mai ciki. A wanke igiya da turke da komin dusa, don ƙwayar tana yin watanni a jikinsu. Yaron kuma a kai shi asibiti.

Tambaya daga wata uwar gida a Tibiri: Jajayen awakina suna majina da kwantsa, baki ya yi gyambo, ga zawo. Biyu sun mutu. Wace allura ce ke kashe wannan cuta?

Amsa: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Alamun nan na annobar awaki da tumaki ne da ake kira PPR, kuma bairas ne. Gaskiyar magana, babu allurar da ke kashe shi a jikin akuya. Duk mai tallar magani a kasuwa da ya ce miki yana da ita, kuɗinki yake so. Magungunan bairas na dabbobi 'yan kaɗan ne, masu tsada, galibi na kyanwa da doki ne, kamar famsikulobir da ake ba kyanwa mai ciwon ido a Turai da Amurka. Ba a yi su don garke ba.

Abin da ake yi shi ne tallafa wa akuyar har jikinta ya yi yaƙin da kansa. Ware marasa lafiya yau ɗin nan. Ba su ruwan gishiri da sukari saboda zawo, ki goge musu hanci da ido da tsumma mai ɗumi, ki ba su kunun dusa tunda baki ya hana su cin harawa. Jami'in kiwo zai iya yi musu oksitetrasiklin, ba don bairas ɗin ba, sai don ciwon huhun da ke biyo bayansa. Ki sanar da ma'aikatar kiwo, kada kuma ki kai ko ɗaya kasuwa.

Rigakafin wannan annoba allura ɗaya ce, tana kare dabba shekara 3 ko fiye. Da rigakafi aka kawar da cutar bushiya ta shanu daga duniya a 2011, kuma FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa 2030 don a gama da PPR. Abin da ke ba ni takaici, masu allura na shiga gari wasu su ɓoye awaki a ɗaka.

Tambaya daga wani matashi a Maradi: 'Yan tsakina suna buɗe baki suna haki. Na zuba musu kafso a ruwa, ba sauƙi.

Amsa: Ɗan'uwa, fara shinshina ɗakin. In shimfiɗar ta jiƙe ko abincin ya yi funfuna, ƙurarta suke shaƙa ta kama musu huhu, kafso kuwa ba ya maganin wannan. Kwashe shimfiɗar, zuba busasshiya, buɗe tagogi. Tunkuza ko masarar da ta yi kore a zubar, domin gubar afalatoksin da ke ciki ba maganin da ke cire ta. In kuwa har manyan kaji na murɗe wuya da koren kashi, cutar Niyukasil ce, bairas, sai rigakafin ɗigo a ido ga waɗanda ba su kamu ba. Mutuwa da yawa dare ɗaya kuma, kada ka yanka, kada ka sayar. Kira jami'an kiwo, don murar tsuntsaye ta shigo Nijar tun 2006 ta Magarya.