Wai da gaske Kamaru da Brazil a haɗe suke da can?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a lise (makarantar sakandare) a Garwa ta Kamaru, malaminmu yace wai da can Kamaru da Brazil ƙasa ɗaya ce, daga baya teku ya shiga tsakani. Da gaske ne ko labari ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Da gaske ne, kuma kai da kake Garwa a kan shaidar abin kake zaune ma. Wajen shekara miliyan 300 baya duk nahiyoyin nan dunƙule suke wuri ɗaya, masana na ce mata Panjiya, ɓangarenta na kudu kuma Gondwana, can Afirka take da Amurka ta Kudu da Indiya da Ostireliya. Wani Bajamushe Alfred Wegener ne ya kawo maganar a 1912, aka ƙi yarda dashi saboda ya kasa nuna abinda ke tura nahiya guda, sai bayan 1960 da aka auna ƙasan teku aka ga ashe ɓawon duniya faranti faranti ne, suna motsi a kan dutse mai zafin gaske dake ƙarƙashi. Har yau tekun Atlantika da ya raba Kamaru da Brazil na ƙara faɗi, santimita kaɗan a shekara, kamar dai yadda farcenka ke tsiro.

Toh ga inda nake so ka natsu. Lokacin da Afirka ta fara rabuwa da Amurka ta Kudu, wajen shekara miliyan 130 baya, tsagar ba ɗaya bace, a kusurwar tekun Gini ta rabu uku, biyu suka buɗe suka zama teku, ta ukun ta shigo cikin ƙasa ta ratsa Najeriya har Yola har Garwa sai ta tsaya, bata ƙarasa ba. Wannan kwarin ne kogin Binuwai yake bi yanzu. In ka je dutsen Tingilin dake kusa da Garwa ka murza ɓarɓashinsa a hannu zaka ji yashi yashi, yashin da tsoffin koguna suka zuba cikin tsagar ne ya daskare ya zama dutse.

Abinda ke burge ni kullum shine irin wannan tsagar ce ta bi ta kudancin Chadi, laka da matattun ƙananan halittu suka taru a ramukan, zafi ya dafa su miliyoyin shekaru, shine man fetur na yankin Doba da ake turawa ta bututu zuwa Kribi a gaɓar tekun Kamaru tun 2003.