Tambayoyin Masu Karatu: Haɗa Na'urar Sarrafa Matsin Turbo a Mota

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Motata mai injin fetur ce da turbo guda ɗaya, kuma na sayi na'urar lantarki mai sarrafa matsin iskar turbo, wadda ta zo da solinoyid (bawul ɗin iska da wuta ke sarrafawa) mai baki uku da tiyo da wayoyi. Makanikena ya ce daga manifol (bututun da ke raba wa silindojin inji iska bayan ta wuce totur) za a ɗauko iskar, wani kuma ya ce daga jikin turbo. Wanne ne daidai, kuma wane baki ne ke zuwa ina? Burina in ɗaga matsin daga psi 7 zuwa 12 (psi ma'aunin matsi ne) ba tare da injin ya buga ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kowannensu yana da rabin gaskiya, domin wurare biyu ake ɗauko iska, kuma aikinsu ya bambanta. Sai dai kafin mu kai ga tiyo, ya kamata ka san abin da na'urar take taɓawa. Hayaƙin inji ne ke juya turbo, kuma da za a bar shi duka ya bi ta ciki, matsin zai yi ta hawa har injin ya kasa ɗauka. Shi ya sa aka yi ƙofar sakin hayaƙi, wadda makanikai ke kira westiget. A yawancin motoci tana cikin jikin turbo, wani ɗan gwangwani mai sifirin da fatar roba a ciki yana riƙe ta a rufe da sanda. Idan iskar da tiyo ya kai wa gwangwanin ta fi ƙarfin sifirin, sai ƙofar ta buɗe, wani ɓangare na hayaƙin ya wuce kai tsaye zuwa salansa, matsin ya tsaya a nan. Psi 7 ɗin da kake gani, mai yiwuwa ƙarfin sifirin ɗinka ke nan.

Na'urarka ba ta ƙirƙirar matsi. Abin da take yi shi ne ta riƙa tsinke iskar da ke zuwa gwangwanin ta hanyar kunna solinoyid da kashe shi sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, ta yadda gwangwanin zai ji matsi ƙasa da ainihin wanda ke cikin bututu, ya makara wajen buɗe ƙofar. Saboda haka tana iya ɗaga matsi, amma ba ta iya saukar da shi ƙasa da ƙarfin sifirin, kuma masu sana'ar sukan ce kada a nemi fiye da ninki biyu na ƙarfinsa. Psi 12 a kan sifirin mai 7 yana cikin haddi.

Game da baki ukun, shawarata ita ce kada ka dogara da lambobin da aka buga a jikinsu kawai, domin ba duk kamfanoni ne tsarinsu ya zo ɗaya ba. Ka riƙe solinoyid ɗin a hannu ba tare da wuta ba, ka hura iska da bakinka, ka sa yatsa ka ji inda take fita. Baki biyun da iska ke ratsawa a tsakaninsu babu wuta, su ne na turbo da na gwangwani. Wanda ya rage shi ne na sakin iska waje, a bar shi a buɗe ko a sa masa ƙaramar matatar iska. Sannan ka ba shi wuta daga batir, ka sake hurawa: bakin da ya kasance yana aiki a duka yanayin biyu shi ke zuwa gwangwani. A solinoyid ɗin kamfanin MAC, wanda na'urori da yawa ke zuwa da shi, wannan yana nufin baki na 3 ya karɓi iskar turbo, na 2 ya tafi gwangwani, na 1 ya saki iska waje.

Dalilin wannan tsari shi ne mafi muhimmanci a duk aikin. Ranar da fiyus ya ƙone ko waya ta tsinke, solinoyid zai koma yadda yake babu wuta, iska ta isa gwangwani kai tsaye, motar ta dawo psi 7 ɗinta. Idan kuwa aka juya haɗin, mutuwar wuta za ta hana ƙofar buɗewa kwata-kwata, kuma direba ba zai ankara ba sai allurar geji ta zarce inda ya sani. Ga mai westiget na waje (wanda ba a jikin turbo yake ba) mai baki biyu, a raba tiyon turbo gida biyu, ɗaya ya tafi bakin ƙasa kai tsaye, ɗayan ya bi ta solinoyid zuwa bakin sama, kuma a tabbata bakin saman yana sakin iska waje idan babu wuta.

Yanzu ga saɓanin makanikan naka. Iskar solinoyid a ɗauko ta daga mafitar turbo, ko daga bututun da iska ke bi kafin ta isa totur, domin a can babu zuƙa. Manifol kuwa yana zuƙa duk lokacin da aka ɗaga ƙafa, kuma idan totur yana rabin buɗe matsin cikinsa bai kai na bututu ba, sai ƙofar ta ƙi buɗewa a kan lokaci, turbo ya yi ta wahala. Amma siririn tiyon da ke zuwa ma'aunin na'urar, wanda take karanta matsi da shi, daga manifol ne ya dace ya fito, tun da a can ne ake sanin abin da injin yake shaƙa da gaske.

Tiyo ya zama gajere, na silikon, mai faɗin ciki milimita 4 zuwa 6, nesa da zafin turbo da salansa, kuma kowane baki a ɗaure shi da kilif. Tiyon gwangwani idan ya zame, sakamakon daidai yake da na juyayyen haɗi. Wutar na'urar ta fito daga layin da makulli ke kunnawa, da fiyus, wayar ƙasa kuma a ɗaura ta a tsaftataccen ƙarfen jikin mota. Idan motar ta zo da nata solinoyid daga kamfani, a cire masa tiyo a toshe ramukan, amma a bar soket ɗinsa a jone, in ba haka ba kwamfutar motar na iya kunna fitilar gargaɗi. Ƙarar kas-kas da sabon solinoyid ɗin ke yi ba matsala ba ce.

Wajen saiti, fara da na'urar a kashe, ka taka a giya ta uku a wurin gwaji da aka tanada, ka tabbatar psi 7 ya fito. Ka sa iyakar gargaɗi a psi 13, sannan ka riƙa ƙara aikin solinoyid da kashi 5 cikin 100 a kowane gwaji. Ni dai ba na goyon bayan a yi wannan babu ma'aunin haɗin iska da mai: a ƙarƙashin matsi ana son injin fetur ya tsaya wajen kashi 11.5 zuwa 12 na iska ga kowane kashi ɗaya na mai, ba 14.7 na tafiyar yau da kullum ba. Ƙarin iska yana neman ƙarin mai, kuma idan famfon mai ko injekta sun gaza, zafi ya ƙaru, injin ya fara ƙwanƙwasa, fistin ne ke narkewa. Wasu kwamfutocin ma sukan yanke mai da zarar matsi ya wuce abin da aka rubuta musu, don haka mai yiwuwa sai ƙwararre ya sake saita taka kafin ka kai 12.

Tambaya: Malam, tawa motar matsinta yana ta hawa idan juyin inji ya yi sama, ko da na kashe na'urar. Saitin ne bai yi ba?

Amsa: Ba saiti ba ne, Malam. In dai tiyo lafiya yake kuma sandar tana motsi har ƙarshe, to ƙofar ce ta yi ƙanƙanta, ba ta iya fitar da hayaƙin da ya kamata, abin da ya fi faruwa bayan an sa salansa mai faɗi. Maganinsa a faɗaɗa ramin ƙofar, ko a koma westiget na waje mai girma.