Fatawa: An ba ni aiki a wani ƙauye mai nisa a Kanada, babu masallaci kusa. In tafi?

Tambaya

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ma'aikacin jinya ne, haifaffen Agege, ina aiki a wani asibitin kuɗi a nan Legas. Albashina ba ya kai ni ƙarshen wata, ga haya ga kuɗin mota. Yanzu an ba ni aiki a wani ƙaramin asibiti a arewacin lardin Saskatchewan da ke Kanada. Mutanen garin ba su kai dubu biyu ba, kuma an ce mini masallaci mafi kusa tafiyar awa uku ce a mota. Ina da mata da yara biyu, babban shekararsa huɗu. Mahaifina ya rasu, mahaifiyata tana wurina. Wasu sun ce haramun ne zama cikin waɗanda ba musulmi ba, wasu sun ce in na ƙi na yi wa kaina. Mene ne hukunci?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka, ɗana, da ka yi tambaya kafin ka sa hannu.

Tafiya neman halal asalinta halas ce. Allah yana cewa a Suratul Mulk, aya ta 15, Shi ne ya hore mana ƙasa, mu yi tafiya a sassanta mu ci daga arzikinsa. Waɗanda suka ce maka haramun ne suna kafa hujja da hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka kawo, cewa Annabi (SAW) ya barranta daga duk musulmin da yake zaune a tsakiyar mushrikai. Tirmizi da kansa ya naƙalto daga Bukhari cewa abin da ya inganta shi ne hadisin mursali ne, wato ba a ambaci sahabi a jerin maruwaitansa ba, kuma malamai da yawa cikin waɗanda suka yi aiki da shi sun ɗora shi a kan wanda ba ya iya bayyana addininsa. Sahabbai sun yi hijira zuwa Habasha a shekara ta 5 bayan aiko Annabi, suka zauna ƙarƙashin Najashi, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib bai dawo ba sai shekara ta 7 bayan hijira, lokacin da aka ci Khaibar, alhali Madina ta daɗe da zama garin Musulunci. Ibn Hajar ya kawo maganar Mawardi a Fathul Bari cewa wanda yake iya bayyana addininsa a irin wannan ƙasa, zamansa ya fi tashinsa, saboda ana fatan wani ya musulunta ta dalilinsa.

Gaskiya ne malamanmu na Malikiyya sun fi kowa tsanantawa a nan. Wansharisi, wanda ya rasu a 914 bayan hijira, ya yi fatawa mai zafi a kan musulmin Andalus da suka zauna bayan mulki ya koma hannun Kiristoci. Amma ka tuna abin da muka karanta a Risala tun muna zaure: Ibn Abi Zaid ya ce an karhanta fatauci zuwa ƙasar abokan gaba da ƙasar baƙaƙen fata. Ƙasar tamu ke nan yake nufi, domin a zamaninsa, shi da ya rasu a 386 bayan hijira, Musulunci bai kafu a nan ba. Da halin ƙasar ya canja, hukuncin ya canja. Ashe dalilin hukuncin shi ne tsoron a rinjayi mutum a kan addininsa. Kanada kuwa ba a hana salla, ba a hana hijabi a titi, masallacin farko a ƙasar, Al-Rashid na birnin Edmonton, tun 1938 aka buɗe shi. Saboda haka ban ga haramci ta wannan fuska ba.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne awa ukun nan. Annabi (SAW) ya ce, a hadisin Abud Darda'i da Abu Dawud da Nasa'i suka ruwaito, babu wasu mutum uku a ƙauye ko a daji da ba a tsayar da salla a cikinsu face Shaiɗan ya rinjaye su, ku lizimci jama'a, domin kerkeci wadda ta ware daga garke yake ci. Kai ɗan Agege ne. Tun da aka haife ka ba ka taɓa kwana ba ka ji kiran asuba ba. In ka makara maƙwabci zai ƙwanƙwasa maka ƙofa, in kwana biyu ba a gan ka a sahu ba wani zai tambaya ko lafiya. Mai shayin bakin layi ma ya san ranar da ba ka fito ba. Mutanen da ke kewaye da kai suna riƙe maka wani kaso na addininka ba tare da ka lura ba, kuma ba za ka san yawan wannan kaso ba sai ranar da ka farka cikin sanyin da ya kai digiri 30 ƙasa da sifili, gari duhu, babu ladan, babu mai ganinka sai Allah. Ban faɗi wannan don in tsorata ka ba. Na faɗa ne don ka auna kanka da gaskiya: wanda a nan Legas, da masallaci a ƙofar gidansa, asuba take kuɓuce masa sau da yawa, to ni ban ba shi fatawar tafiya irin wannan wuri ba.

Juma'a kam ba ta wajaba a kanka ba, babu zunubi. A mazhabar Malik ana wajabta ta ga wanda ke cikin gari ko bai wuce mil uku daga gare shi ba, kuma ba ta ƙulluwa sai da maza 12 mazauna ban da liman. Hadisin da ya yi gargaɗi a kan barin Juma'a uku ya ƙayyade da wulaƙantarwa, kai kuwa nisa ne ya hana ka. Ka yi azahar raka'a huɗu. Duk da haka ka ɗaure wa kanka zuwa birni ko da sau ɗaya a wata, ka kuma kiyaye idi biyu. In ka tarar da musulmi uku a asibitin, ko likita ko mai haɗa magani, to Hanafiyya sun inganta Juma'a da mutum uku ban da liman, kuma a irin halinku babu laifi ku bi su. Kada ka raina ƙaramin farawa: musulmin garin Inuvik, can saman Kanada inda rana ke yin makonni ba ta faɗi ba, a 2010 aka gina musu masallaci a Winnipeg aka ɗauko shi da mota da jirgin ruwa har garinsu.

Lokutan salla sai ka yi karatu a kansu tun kana nan. A Legas yini wajen awa 12 ne duk shekara. Can a watan Yuni yana kai awa 17 ko fiye, a Disamba ya koma wajen awa 7, kuma akwai makonnin da hasken shafaƙi ba ya gama ɓacewa har alfijir ya keto. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke a 1986 cewa ƙasashen da ke tsakanin digiri 48 da 66 na nisa daga layin da ya raba duniya biyu za su ƙaddara isha da asuba a waɗannan kwanaki gwargwadon wuri mafi kusa da alamomin ke bayyana, bisa hadisin Dujal da ke cikin Muslim, inda aka ce a ƙaddara wa rana gwargwadonta. Lardin da za ka yana cikin wannan yanki. Ka karɓi jadawalin masallacin Saskatoon, babban birni a lardin, ka tambayi limaminsu yadda suke yi. Ga azumi kuwa an yi maka sauƙi, domin a shekarun nan yana ja baya zuwa hunturu, yini gajere. Nama ka sayo na halal daga birni ka daskarar, ko ka ci kifi. Duba mata marasa lafiya larurar aiki ce, ya halatta gwargwadon buƙata, ka nisanci kaɗaicewa iyakar iyawarka.

Sai haƙƙoƙi, kuma a nan ne tafiyar za ta iya komawa haramun. Wani ya nemi izinin jihadi, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa na raye, da ya ce e, ya ce to a cikin hidimarsu ka yi jihadi. Bukhari da Muslim suka ruwaito. In jihadi ya jira iyaye, albashi ya fi cancantar jira. Ka zauna da mahaifiyarka ku biyu, ka gaya mata gaskiyar nisan, ka saurari zuciyarta, domin uwa takan ce je ka don kada ta tare maka arziki alhali ba ta so. In akwai ɗan'uwa ko 'yar'uwa da za su riƙe ta riƙo na gaske kuma ta yarda, to madalla. In kai kaɗai gare ta kuma tana buƙatar hannunka, ba ya halatta ka tafi.

Matarka kuma ka tafi da ita, ko ta biyo ka ba da daɗewa ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya tambayi 'yarsa Hafsa iyakar haƙurin mace, ya ƙayyade wa mayaƙa wata huɗu zuwa shida, bisa saɓanin ruwaya. Ita ma a tambaye ta, domin ita ce za ta wuni a gida babu maƙwabciya, babu suna babu biki.

Yaran su ne suka sa na ce tafiyar ta zama mai wa'adi. Allah ya ce ku kare kanku da iyalanku daga wuta, Suratut Tahrim, aya ta 6. Ɗan shekara huɗu uwarsa da ubansa sun ishe shi makaranta. Ɗan shekara goma yana buƙatar abokai masu salla da Islamiyya da malami. Ka sa a ranka shekara biyu ko uku, sannan ku koma birnin da ke da jama'a kamar Saskatoon ko Regina, ko ku dawo gida. Ka duba takardar izinin aikin da kyau, domin wata a ɗaure take da ma'aikata ɗaya. Ka tabbatar asibitin ne da kansa ya ɗauke ka, ka ga kwantiragi a rubuce. Duk dillalin da ya ce ka biya kuɗi ya sayar maka da gurbin aiki, ko a rubuta ƙarya a takardunka, ka bar shi, wannan haramun ne ko da tafiyar za ta yiwu.

Idan mahaifiyarka ta yarda kuma ta samu mai riƙo, iyalinka za su kasance tare da kai, takardunka na gaskiya ne, kuma ka san kanka da kiyaye salla, to ya halatta ka karɓi aikin, jinyar marasa lafiya kuma ibada ce ko su wane ne. Ka yi istihara raka'a biyu kafin ka ba su amsa. Wallahu a'alam.